Shane Da Yaƙin Johnson: Ƙasar Ta Wa Ce, Mai Shanu Ko Mai Garma?

 

Na san da wasu suka ji cewa a kan fim ɗin kaboyi zan yi magana, sun ce a ransu yau kuma abin ya zo da wasa. Fim ɗin ma ba na jiya ba, fim ne da ya girmi iyayen da yawa daga cikinmu. To ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. Fim ɗin sunansa Shane, ya fito a Amurka a 1953, kamfanin Paramount ne ya shirya shi, George Stevens ya ba da umarni. An ɗauko labarin daga littafin Jack Schaefer na 1949. Idan ka cire harbe-harben da dambe, abin da ya rage a ciki tambaya ce guda: fili ne ga shi nan shimfiɗe, akwai ciyawa akwai ruwa, mutum biyu kowa ya ce nasa ne, hukuma kuma tana can nesa tafiyar kwanaki. Wa zai raba wannan gardama, kuma da me?

Bari in fara da labarin, don waɗanda ba su kalla ba.

A yankin Wyoming ne, wajen 1889, cikin wani kwari da manyan duwatsu suka kewaye. Wani manomi mai suna Joe Starrett yana zaune da matarsa Marian da ɗansu Joey a 'yar gonar da suka kafa. Rannan sai ga baƙo a kan doki, sanye da rigar fata, bindiga a ƙugu. Ba a gaya mana daga ina ya fito ba, har fim ya ƙare ba a faɗa ba. Amma yaron nan Joey yana wasa da bindigar da ba harsashi, ya ɗana ta ta yi ƙara, sai baƙon ya zabura ya juyo hannunsa na kan tasa bindigar. Shi ke nan, ba sai an yi maka bayani ba, ka riga ka san irin rayuwar da wannan mutum ya baro. Shi ne Shane, Alan Ladd ne ya fito a matsayinsa.

Bai gama shan ruwa ba sai ga Rufus Ryker, babban mai shanun yankin, da ƙanensa Morgan da yaransu. Suka bi ta kan ɗan lambun Marian da dawakai suka tattake. Ryker ya ce wa Starrett ya samu kwangilar kai nama sansanin da gwamnati ta killace 'yan asalin ƙasar, saboda haka yana bukatar makiyayarsa gaba ɗaya, kowa ya tattara nasa ya nasa ya tashi kafin sanyi ya shigo. Ku riƙe wannan maganar ta kwangila, za mu dawo kanta.

Shane ya zauna ya zama ɗan ƙwadago a gonar Starrett, ya ajiye bindiga. Akwai wani wuri da nake so ƙwarai, inda shi da Joe suka taru a kan wani ƙaton kututture da ya daɗe yana gagarar Joe, suka yi ta sara da gatari har suka tumɓuke shi. Ba a yi wata doguwar magana ba, gumi kawai. Daga nan ya je gari sayen kayan aiki a kantin Grafton, wanda ke haɗe da mashaya. Ya nemi lemon kwalba zai kai wa yaro, wani yaron Ryker mai suna Chris Calloway ya yi masa ba'a, ya watsa masa giya a riga. Shane ya haɗiye ya fita. Manoma suka ce ashe matsoraci ne. Zuwa na biyu kuwa bai ƙyale ba, aka yi dambe mai sunan dambe, Joe ya shigo da ƙotar gatari ya taya shi, suka watse da mashayar.

A nan Ryker ya ce daga yau ba sauran dambe, hayaƙin bindiga za a shaƙa. Ya aika birnin Cheyenne aka ɗauko masa ɗan bindigar haya, Jack Wilson. Jack Palance ne ya yi wannan fitowa, kuma duk wanda ya san fina-finan kaboyi zai gaya maka samun bos irinsa sai an tona. Baƙar hula, baƙar safar hannu, ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya, murmushi kawai. Ranar da ya shigo mashayar har karen da ke kwance sai da ya tashi ya ba shi wuri.

To yanzu ga wurin da ya sa na zaɓi wannan fim a kan sauran. Fina-finan kaboyi da yawa, bos mugu ne kawai, an haife shi mugu, ba dalili. A Shane ba haka aka yi ba. Akwai dare guda da Ryker ya zo gidan Starrett, aka ba shi fili ya faɗi nasa. Ma'anar abin da ya ce ita ce: mu muka zo wannan ƙasa tun kuna yara, muka sha yunwa, muka zubar da jini, 'yan asalin ƙasa da ɓarayi suka yi ta kore mana shanu, har yanzu akwai kan kibiya a kafaɗata. Yawancin waɗanda muka yi wahalar tare sun mutu. Sai da wuri ya yi lafiya, sai ga ku kun zo, kun kafa shinge kun raba ni da makiyaya, kun raba shanuna da ruwa, kun haƙa lambatu kun janye ruwan rafi zuwa gonakinku har yana ƙafewa. Sannan ku ce ba ni da haƙƙi?

Jama'a, wallahi idan kana kallo a wannan wuri, sai ka ji jikinka ya yi sanyi. Mutumin nan ba ƙarya yake yi ba. Shinge ya tare masa hanyar ruwa da gaske. Ya riga su zuwa da gaske.

Amsar Starrett ita ma ba ta wasa ba ce. Ya ce ba ku kuka gano ƙasar nan ba, kafin ku akwai masu tarkon namun daji da 'yan kasuwa da suka riga ku shigowa. Kuma kai in kana maganar haƙƙi, nufinka kai kaɗai ke da shi, alhali gwamnati ba haka take kallon abin ba.

Kowannensu ya kawo hujja. Ɗaya ya ce na riga ka zuwa kuma na sha wahala. Ɗaya ya ce ina da takardar gwamnati. Amma ku lura da abin da su biyun suka tsallake. In dai riga zuwa ne hujja, to ai akwai waɗanda suka riga su duka, Lakota da Cheyenne da Arapaho da Crow da Shoshone, waɗanda a gidajen sinima na da ake ce wa Indiyawan daji. A 1868 gwamnatin Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar Fort Laramie, ta amince wa wasu daga cikinsu da yankin kogin Powder a matsayin wurin da ba za a taɓa ba. Ba a cika shekara goma ba, bayan yaƙin 1876, aka kore su. Aka karkashe ɓaunayen da suke rayuwa a kansu, sai ciyawa ta zama ba mai ci, shanu suka shigo. Kun tuna kwangilar Ryker? Naman da zai sayar wa gwamnati, na ciyar da mutanen da aka raba da wannan ƙasa ne. Wato an ƙwace maka gida, an kuma ba wanda ya shige gidan kwangilar kawo maka abinci. Fim ɗin ya ambaci wannan a jimla ɗaya ya wuce, ba ka ganin ko mutum ɗaya daga cikinsu a allo. A ganina wannan shi ne babban giɓin fim ɗin.

Yanzu mu ɗan ajiye fim, mu duba abin da ya faru a zahiri, don labarin ba daga sama ya faɗo ba.

A ranar 20 ga Mayu 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar raba filaye. Dokar ta ce duk magidanci, ko wanda ya kai shekara 21, zai iya karɓar eka 160 na filin gwamnati, wato kusan hekta 65, da ɗan kuɗin rajista kaɗan. Sharaɗi shi ne ya zauna a wurin shekara 5, ya gina, ya noma, sai a ba shi takardar mallaka. Mata ma suna iya karɓa. Abu ya yi kyau a takarda. Matsalar ita ce an auna eka 160 ɗin ne da ƙasar gabas mai ruwan sama. A yamma, wurin da ruwa ke wuya, eka 160 ba ta riƙe iyali sai in tana bakin rafi. Wani masani na gwamnati, John Wesley Powell, ya rubuta rahoto a 1878 ya ce a irin wannan busasshiyar ƙasa gonar kiwo tana bukatar eka 2,560, kuma a yanka filaye yadda kowa zai samu hanyar ruwa. Majalisa ba ta saurare shi ba. To me kake tsammani? Duk manomin da ya zo, bakin rafi zai nufa. Wanda ya kama bakin rafi kuwa, ya kama dubban ekokin da ke bayansa, don saniya ba ta kiwo inda ba za ta sha ruwa ba.

Su kuma masu shanu, abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, makiyayar da suke cewa tasu ce ba su saya ba. Filin gwamnati ne, suna kiwo kyauta. Ka saki shanu su bazu, kowace da alamar mai ita da aka yi mata da ƙarfe mai zafi, lokacin bazara a taru a tattaro su, a sa wa maruƙa alama, lokacin kaka a kai na sayarwa jirgin ƙasa zuwa mayankan Chicago. Riba ta yi yawa har attajiran Ingila da Scotland suka zuba jari. Manyan cikinsu ba a daji suke kwana ba, suna Cheyenne, a wani kulob na alfarma. Wannan ma wani bambanci ne da fim, don Ryker na fim dattijo ne mai ƙura a gemu, wanda ya yi wahalar da hannunsa.

Sai ga waya mai ƙaya. Joseph Glidden ya yi rajistar irin tasa a 1874. A filin da ba itatuwa, shinge da can abu ne mai tsada, waya ta mayar da shi araha. Kuma kada fim ya ruɗe ku a kan cewa manoma ne kaɗai masu shinge. Manyan masu shanu sun killace filayen gwamnati masu yawa da ba nasu ba, har sai da majalisa ta yi doka a 1885 ta haramta hakan.

Abin da ya ƙara dagula lamari shi ne sanyin 1886 zuwa 1887. An riga an cika makiyaya da shanu fiye da abin da ciyawa za ta ɗauka, aka yi fari, sai ga dusar ƙanƙara irin wadda ba su taɓa gani ba. Shanu suka mutu ba adadi, wasu sun rasa fiye da rabin garkensu, kamfanoni suka karye. Waɗanda suka tsira suka fara neman wanda za su ɗora wa laifi. Suka sallami yaran kiwonsu da yawa, su kuma waɗannan kaboyin da aka sallama suka karɓi eka 160 ɗinsu suka fara ɗan kiwo na kansu. Nan fa ake yin ta.

Manyan suna da ƙungiya, ƙungiyar masu kiwon dabbobi ta Wyoming, kuma ita ke juya majalisar yankin. A 1884 aka yi musu doka: ƙungiyar ce ke da ikon shirya tattara shanu, kuma duk maraƙin da aka samu ba alama, ita za ta yi gwanjonsa. Ƙaramin mai kiwo, in sun sa sunanka a baƙin littafi, ba ka shiga tattarawa, ba ka sayen maraƙi, in ka kai shanunka kasuwa a ƙwace a ce na sata ne. Satar shanu akwai ta, ba mai musu. Amma kalmar ɓarawo ta zama hular da suke ƙaƙaba wa duk wanda ya tsone musu ido. Mutanen da ke kiwo a filin da ba nasu ba suna kiran wasu ɓarayi, gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

A ranar 20 ga Yuli 1889, shekarar da aka ɗora labarin Shane a kanta, wasu masu shanu shida suka kama wata mata, Ella Watson, da James Averell, waɗanda suka karɓi filaye a yankin kogin Sweetwater, suka rataye su a bishiya. Jaridun Cheyenne suka yi ta yaɗa cewa ɓarauniyar shanu ce. Shaidu wasu suka mutu, wasu suka ɓace, ba wanda aka hukunta.

Sai babban abin, Afrilun 1892, wanda tarihi ke kira Yaƙin Gundumar Johnson. Ƙananan masu kiwo da manoman arewacin Wyoming sun kafa tasu ƙungiya, sun ce za su yi tasu tattarawar. Manyan suka ce ba za ta saɓu ba. Suka haɗa rundunar mutum kamar 50, fiye da 20 daga ciki 'yan bindigar haya ne daga Texas, ana biyan kowa dala 5 a rana, da ƙarin dala 50 a kan duk wanda aka kashe. Wani tsohon soja, Frank Wolcott, shi ne jagora. Suka hau jirgin ƙasa na musamman daga Cheyenne zuwa Casper a ranar 5 ga wata, ɗauke da jerin sunayen waɗanda za a kashe, aka yanke wayar tangaraho don kada labari ya riga su. Kun ga ashe Jack Wilson na gaskiya ba mutum ɗaya ba ne, tarago guda aka ciko.

A ranar 9 ga Afrilu suka kewaye wata bukka a gonar KC. A ciki akwai Nate Champion, ɗaya daga cikin jagororin ƙananan masu kiwo, da abokinsa Nick Ray. Suka harbe Ray, Champion ya ja shi ciki, ya riƙe su shi kaɗai kusan yini guda, yana harbi yana rubuta abin da ke faruwa a ɗan littafinsa. Da yamma suka tura keken doki mai cin wuta suka ƙone bukkar, ya fito da gudu suka harbe shi, suka liƙa masa takarda a ƙirji ta gargaɗi ga ɓarayin shanu.

Amma wannan yini da Champion ya cinye musu shi ya ɓata shirin. Wani makwabci, Jack Flagg, ya zo wucewa, suka harbe shi bai same shi ba, labari ya isa garin Buffalo. Shugaban 'yan sandan gundumar, Red Angus, ya tara mutane sama da 200, suka tsare maharan a gonar TA. Ɗan hakin da ka raina. Waɗanda suka zo farauta suka zama abin farauta, kwana uku ana musayar wuta.

To ku saurari yadda ta ƙare, don nan ne siyasar take. Muƙaddashin gwamna Amos Barber ya buga wa Washington waya. Sanatocin jihar biyu, Joseph Carey da Francis Warren, dukkansu na kusa da manyan masu shanu, suka kai maganar ga Shugaba Benjamin Harrison. Ya ba da umarni, sojojin doki daga barikin McKinney suka iso ranar 13 ga Afrilu. Lokacin da ake rataye mace a bishiya ba a ga soja ba, ranar da aka ƙone Champion ba a ga soja ba, amma ranar da attajirai suka shiga tarko, cikin dare aka tashi shugaban ƙasa. Aka tafi da maharan wani bariki kusa da Cheyenne. Mutum biyu masu tarkon namun daji da suka ga abin da ya faru a gonar KC, aka fitar da su daga jihar. Aka mayar da shari'a Cheyenne, garin manyan. Kuɗin tsare waɗanda ake tuhuma ya faɗa kan gundumar Johnson har baitulmalinta ya ƙare. A Janairun 1893 aka kori ƙarar. Ba wanda aka ɗaure.

Abu ɗaya ne ya taɓa su, kuma ba bindiga ba ce. A zaɓen Nuwamban 1892, mutanen Wyoming suka huce a akwati. Jam'iyyar Republican, wadda jama'a ke ganin ita ta rufa wa maharan asiri, ta rasa kujerar gwamna, John Osborne na Democrat ya ci. Majalisar jiha ta rabu har ta kasa zaɓen sanata, Warren ya rasa kujerarsa tsawon shekara biyu kafin ya dawo a 1895. Wannan ba ya cikin fim, don layin zaɓe ba ya cika gidan sinima.

Na san tun ɗazu wasu a ransu sun riga sun ɗauko labarin nan sun ɗora a kan rikicin manoma da makiyaya na nan gida. Akwai kama, ba zan ce babu ba: ruwa, ciyawa, hanyar da aka toshe, da hukumar da ba a ganinta sai bayan an binne gawa. Ƙorafin Ryker a kan shingen da ya raba shanu da rafi, duk wanda ya san yadda aka cinye burtali da gonaki zai gane shi. Mu ma a Arewa an yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, kowa kuma ya san inda aiwatar da ita ya tsaya. Amma don Allah a yi hattara da kwatancen. Ryker ba Bafulatani ba ne mai sanda da garke ɗaya, wanda kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanya guda. Manyan Wyoming masu jari ne, masu sanatoci a aljihu. Kuma yawancin waɗanda suka sa a jerin kisa, irin su Champion, su ma masu shanu ne, ƙanana dai. Saboda haka faɗan Johnson ya fi kama da na babba da ƙarami fiye da na garma da saniya. Duk wanda ya kalli Shane ya tashi da cewa mai kiwo shi ne mugu, manomi shi ne na kirki, hoton kawai ya kalla.

Mu koma fim mu ƙarasa.

Cikin manoman akwai wani ɗan ƙaramin mutum mai zafin kai, Torrey, tsohon sojan Kudu a yaƙin basasa, kullum yana cika baki ba mai korarsa. Ya shigo gari bayan ruwan sama, yana tafiya cikin taɓo, Wilson na tsaye a kan dandamalin katako sama da shi, yana binsa a hankali yana zagin Kudu da manyanta. Ya sa safar hannunsa. Torrey ya kai hannu ga bindiga, kafin ya ɗaga ta Wilson ya riga ya auna shi. Aka yi shiru na ɗan lokaci, Torrey ya gane ya mutu tun bai mutu ba, sannan Wilson ya harba. Ƙarar ta cika kunne, mutumin ya yi sama ya faɗa baya cikin taɓo. Duk wannan tsokanar dabara ce, don a ce Torrey ne ya fara zaro makami, doka ba ta da abin cewa.

George Stevens da gangan ya yi wannan wuri haka. Ya yi aikin ɗaukar hoto a rundunar Amurka a yaƙin duniya na biyu, yana cikin waɗanda suka ɗauki hoton sansanin Dachau a Jamus bayan an 'yantar da shi a 1945. Ya dawo yana ƙin yadda fina-finai ke mayar da harbi abin wasa, a harbi mutum ya dafe ƙirji ya kwanta kamar mai barci. Shi ya sa ya ƙara wa bindiga amo, ya sa aka ɗaura wa ɗan wasan waya aka fizge shi baya. Sannan ya ba jana'izar Torrey lokaci mai tsawo: tudun maƙabarta, mata da yara, karen mamacin yana kuka a bakin kabari. A nan manoma suka fara cewa su kam tafiya za su yi. Suna tsaye sai ga hayaƙi, yaran Ryker sun cinna wa gidan Lewis wuta, mutumin da ma ya riga ya ɗaure kaya zai tashi. Wannan ganganci shi ya juya su. Suka ce za su taru su sake gina masa, Lewis ya fasa tafiya. A wajena nan ne manoman suka ci nasara, tun kafin Shane ya ɗauki bindiga.

Ryker ya aika wa Starrett ya zo a sasanta, alhali tarko ne. Chris Calloway, wanda ya watsa wa Shane giya, zuciyarsa ta kasa ɗauka, ya zo a ɓoye ya tona asiri. Joe ya ce duk da haka sai ya je. Shane ya mayar da rigar fatarsa, ya ɗaura bindiga, suka yi dambe da Joe a tsakar gida, dabbobi na ta firgita, da ya ga ba zai iya kayar da shi da hannu ba sai ya buga masa bindiga a ka. Yaron da ke ganin Shane kamar wani waliyyi ya ce ya tsane shi. Duk da haka ya bi shi a guje har gari, shi da karensa, ya leƙa ta ƙasan ƙofa.

A mashayar, Shane ya ce wa Ryker zamaninka ya wuce. Ryker ya ce naka fa, ɗan bindiga? Shane ya ce bambancinmu ni na san nawa ya wuce. Ya harbe Wilson, ya harbe Ryker, Joey ya yi ihu ya ankarar da shi Morgan na sama da bindiga, ya juya ya harbe shi, amma shi ma harsashi ya same shi. A waje ya gaya wa yaron cewa wanda ya yi kisa ba ya komawa ya zauna kamar bai yi ba, tambari ne da ba ya goguwa, ko da gaskiya ka yi ko ba da gaskiya ba. Ya ce ya koma ya gaya wa uwarsa ba sauran bindiga a kwarin. Manoman da ya yi wa yaƙi za su girbe gonakinsu, shi kuwa ba shi da ko taku ɗaya a ciki. Ya hau doki ya nufi duwatsu, yaron na ƙwala masa kira ya dawo.

Har yau ana gardama a kan ko Shane ya mutu. Mu nan mun saba da cewa akta ba ya mutuwa, amma ku duba hoton ƙarshe da kyau: hannu ɗaya a sake, kuma ta cikin maƙabarta dokin ya bi. Stevens bai raba gardamar ba.

A zahiri kuwa rikicin makiyaya a yammacin Amurka ya ci gaba shekaru, har da wani sabon babi tsakanin masu shanu da masu tumaki. Gwamnati ta ƙara girman filin da ake bayarwa zuwa eka 320 a 1909, sannan 640 a 1916 ga masu kiwo. Sai a 1934, shekara 56 bayan rahoton Powell, bayan ƙasa ta riga ta ƙwaƙule, aka yi dokar Taylor wadda ta yanka filayen gwamnati gunduma-gunduma, ta ce kiwo sai da lasisi, da adadin dabbobi, da kuɗin da za a biya.

Fim ɗin ya samu shiga takarar Oscar sau shida, ya ci ɗaya, na ɗaukar hoto mai launi, wanda Loyal Griggs ya karɓa. In kun ga duwatsun Teton a bayan gonar Starrett za ku gane dalili. Shi ne kuma fim na ƙarshe da Jean Arthur, wadda ta fito a Marian, ta yi. Mai son ganin yaƙin Johnson ɗin kansa, akwai Heaven's Gate na Michael Cimino, 1980, amma a shirya zama, don ya haura awa uku da rabi, kuma shi ma ya yi wa tarihin ƙari da ragi. Shane bai kai awa biyu ba, zama ɗaya ya ishe shi.

Shugaba, na ga kana duba agogo. A nan zan dakata, in akwai tambaya ko gyara ga fili nan.